Ilimin yara masu buƙata ta musamman: Abin da dokokin Najeriya suka tanadar wa iyaye

A farkon kowace shekarar karatu akan samu iyayen da suke kai ɗansu makaranta a dawo musu da shi, saboda yaron ba ya gani, ko ba ya ji, ko ba ya iya taka ƙafarsa, ko kuma fahimtarsa tana da jinkiri. Uzurin da aka saba bayarwa shi ne makarantar ba ta da malami ko kayan aikin koyar da irinsa. Yawancin iyaye sukan ɗauki wannan amsa a matsayin ƙaddara, su koma gida su rungumi haƙuri. Kaɗan ne suka san cewa tun daga watan Janairun 2019 dokar tarayya ta haramta hana mutum haƙƙinsa saboda naƙasa, har ta yanka hukunci ga wanda ya aikata hakan.

Wannan bayani ya tattaro abin da dokoki da manufofin gwamnati suka tanada a kan karatun waɗannan yara, da wuraren da dokar ta yi shiru, da kuma ƙofofin da iyaye za su ƙwanƙwasa idan an tauye wa ɗansu haƙƙi.

Su wane ne ake nufi?

Dokar Haramta Nuna Wariya ga Masu Naƙasa ta 2018 ta fassara naƙasa da cewa lalura ce mai daɗewa a jiki, ko a hankali, ko a fahimta, ko a gani da ji, wadda idan ta haɗu da shingayen da ke cikin al'umma takan hana mutum gudanar da rayuwarsa daidai da kowa. Wannan fassara tana da muhimmanci, domin ba a jikin yaron kaɗai ta ɗora matsalar ba. Matakalar da keken guragu ba zai iya hawa ba, da allon da makaho ba zai iya karantawa ba, da malamin da bai iya maganar hannu ba, duk suna cikin abin da ke mayar da lalura ta zama cikas.

Manufar ilimi ta ƙasa kuwa ta faɗaɗa ma'anar buƙata ta musamman fiye da haka. Ta haɗa da yara masu naƙasa, da waɗanda yanayin rayuwa ya nisanta da makaranta kamar 'ya'yan makiyaya da na masunta, da kuma masu hazaƙa ta daban. Magana a nan ta taƙaita ne ga rukunin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna rayuwa da wata naƙasa mai tasiri, abin da ke nuna cewa da wuya a samu unguwar da wannan batu bai shafa ba.

Yadda aka faro

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin tsarin kula da masu naƙasa. A manyan garuruwa akwai sarautu irin su Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, waɗanda ke wakiltar jama'arsu a gaban masarauta, kuma makarantun allo sun yaye makafi da dama da suka haddace Alƙur'ani. Amma karatun boko na masu naƙasa ya fara ne a hannun 'yan mishan. A 1953 aka buɗe makarantar makafi ta Gindiri da ke Jihar Filato ta yanzu. A 1960 wani kurma Ba'amurke baƙar fata mai suna Andrew Foster ya kafa makarantar kurame a Ibadan, kuma daga aikinsa ne maganar hannu mai tushe daga Amurka ta bazu a makarantun kurame na ƙasar nan.

Gwamnati ta shigo cikin lamarin sosai a 1977, shekarar da aka fitar da manufar ilimi ta ƙasa ta farko, wadda ta ware sashe guda ga ilimin musamman. A shekarar ce kuma aka kafa kwalejin horar da malaman ilimin musamman ta tarayya a garin Oyo. Jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero ta Kano duk suna da sassan da ke horar da irin waɗannan malamai.

A fagen duniya, taron da aka yi a birnin Salamanka na ƙasar Sifen a 1994 ya yi kira da a riƙa koyar da yara masu naƙasa tare da sauran yara a makarantun unguwanninsu. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin masu naƙasa. Najeriya ta sa mata hannu a 2007, ta kuma tabbatar da ita a 2010. Sai dai sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulki ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita. An sha zartar da ƙudurin masu naƙasa ba tare da ya samu sa hannun shugaban ƙasa ba, har sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba masa hannu a Janairun 2019.

Dokoki huɗu da ya kamata a sani

Ta farko ita ce Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 18 ya ɗora wa gwamnati nauyin samar da dama daidai wa daida a fannin ilimi. Amma wannan sashe yana cikin babi na biyu, wanda kundin kansa ya hana kotuna tilasta aiwatar da shi kai tsaye. Sashe na 42 da ya haramta wariya ya ambaci ƙabila da addini da jinsi da asali da ra'ayin siyasa, bai ambaci naƙasa da sunanta ba. Wannan giɓi ne ya sa ake buƙatar doka ta daban.

Ta biyu ita ce Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004. Ta wajabta wa kowace gwamnati ba wa kowane yaro ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta, wato shekara tara, kuma ta ambaci masu naƙasa cikin rukunonin da shirin ya ƙunsa. Wanda ya karɓi kuɗi a kan abin da dokar ta ce kyauta ne zai iya fuskantar tarar da ba ta wuce Naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun. Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Ƙasa, wato UBEC, tana samun kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya, kuma daga cikin wannan kuɗi take ware kashi 2 cikin 100 domin ilimin musamman. A 2017 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci cewa tunda an yi wannan doka, karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ya zama haƙƙin da za a iya nema a kotu. Kafin nan, a 2010, kotun ƙungiyar ECOWAS ta yanke hukunci mai kama da wannan a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar.

Ta uku ita ce Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003. Sashe na 15 ya ba kowane yaro haƙƙin ilimi kyauta kuma dole, sai dai ƙaramin sashe na bakwai ya ce tanadin bai shafi yara masu lalurar ƙwaƙwalwa ba. Masu fafutukar kare haƙƙin naƙasassu sun daɗe suna sukar wannan togaciya, domin tana iya zama mafaka ga makarantar da ba ta son karɓar yaro mai jinkirin fahimta.

Ta huɗu, wadda ta fi su duka fayyace magana, ita ce dokar 2018. Ba ta ware wata naƙasa ta bar wata ba, don haka iyayen yaro mai lalurar fahimta suna da hujjar da za su kafa da ita.

Abin da dokar 2018 ta tanada

Sashe na farko ya haramta wa kowane mutum ko hukuma nuna wariya ga wani saboda naƙasarsa ta kowace fuska. Idan kamfani ko hukuma ce ta aikata, tarar Naira miliyan 1 ce. Idan mutum ne, tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Bayan wannan, wanda aka zalunta yana da ikon shigar da ƙarar neman diyya da kansa. Tunda sashen ya ce kowane mutum ko hukuma, makarantun kuɗi ba su fita daga cikinsa ba.

Sashe na 17 ya ce mai naƙasa yana da cikakken haƙƙin neman ilimi ba tare da wariya ko keɓancewa ba, kuma karatunsa kyauta ne har zuwa sakandare. Sashen ya kuma ɗora wa hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa nauyin samar da kayan taimakon karatu.

Sashe na 18 ya wajabta wa dukkan makarantun gwamnati, daga firamare har zuwa manyan makarantu, su zama a buɗe ga masu naƙasa. Kowace makaranta sai ta tanadi aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo a kan koyar da su, tare da kayan aikin da suka dace. Rubutun makafi na Braille da maganar hannu kuwa, dokar ta ce a saka su cikin manhajar karatu. Sashe na 19 ya buƙaci gwamnati ta sassauta kuɗin karatun masu koyon aikin ilimin musamman, domin a samu isassun malamai.

Sashe na 20 ya ce a koyar da yara makafi da kurame da masu naƙasa fiye da ɗaya ta hanyar harshe da salon sadarwar da ya fi dacewa da kowannensu. Wannan ya shafi kuramen ƙasar Hausa kai tsaye, domin da yawansu suna tasowa ne da maganar hannu ta gida wadda kuramen Kano da kewaye suka gada, sannan su tarar da wata daban a makaranta.

Akwai wasu tanade-tanaden da suka shafi ɗalibai ko da ba a kan aji suke magana ba. Idan makaranta tana ba da ɗakin kwana, mai naƙasa ne za a fara dubawa. A layi ma haka, shi za a fara saurara. An ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga da hawa, kuma wa'adin ya cika a Janairun 2024. Mai lalurar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin samun magani kyauta a asibitocin gwamnati, bisa takardar shaidar naƙasa. A ɓangaren aiki, an buƙaci ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu masu naƙasa su kai kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu.

Dokar ce kuma ta kafa Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020 da James Lalu a matsayin babban sakatarenta na farko. Daga cikin ayyukanta akwai karɓar koke-koke da tallafa wa wanda ke neman haƙƙinsa a kotu.

Dokar tarayya, makarantar jiha

A nan ne yawancin iyaye suke cin karo da tarnaƙi. Ilimi yana cikin al'amuran da tarayya da jihohi suke tarayya wajen yi musu doka, kuma makarantun firamare da mafi yawan na sakandare suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi. Saboda haka ƙarfin dokar tarayya ya fi bayyana a Abuja da makarantun Gwamnatin Tarayya, irin su kwalejojin haɗin kai da jami'o'inta. A makarantar jiha, dokar da majalisar jihar ta yi ita ce makamin da ya fi kaifi.

Wasu jihohi sun riga tarayya yin tasu. Filato ta yi dokar kare haƙƙin masu naƙasa tun 2005, Legas ta yi tata a 2011, kuma ta buɗe sassan koyar da yara masu naƙasa a cikin wasu makarantun firamare na gwamnati. Kano da Kaduna da Jigawa su ma suna da nasu dokokin. Amma yin doka daban, kafa hukumar da za ta aiwatar da ita da ware mata kuɗi a kasafi daban. Abu na farko da ya kamata iyaye su bincika shi ne ko jiharsu tana da doka, da kuma ofishin da aka damƙa wa aiwatar da ita.

Inda dokar ta yi shiru

Dokar 2018 ta faɗi haƙƙi, amma ba ta shimfiɗa hanyar da yaro guda zai bi ya same shi ba. A Ingila, dokar yara da iyali ta 2014 ta ba iyaye ikon neman ƙaramar hukuma ta tantance buƙatun ɗansu, kuma idan ya cancanta a rubuta masa tsari na musamman cikin mako 20, wanda ya ƙunshi ilimi da lafiya da kulawa. Idan iyaye ba su gamsu ba, akwai kotu ta musamman da za su ɗaukaka ƙara. A Amurka ma, tun 1975 doka ta wajabta a rubuta wa kowane ɗalibi mai naƙasa tsarin karatunsa, iyayensa na zaune a wurin.

Dokar Najeriya ba ta da makamancin wannan. Ba ta sa wa'adin tantance yaro ba, ba ta wajabta rubutaccen tsari ga kowane ɗalibi ba, ba ta kuma kafa kotun da ta keɓanta da irin wannan rikici ba. Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar ilimin masu buƙata ta musamman a 2015, sannan ta biyo da manufar haɗa ɗalibai a aji ɗaya, amma manufa jagora ce ga ma'aikata, ba ta da ƙarfin doka a gaban alƙali. Sakamakon haka nauyin bin diddigi yana komawa kan iyaye.

Makarantar musamman ko ta kowa da kowa?

Dokar ta karkata ga a koyar da yara tare, amma ba ta rufe makarantun musamman ba. Makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano da ta Gindiri suna nan suna aiki, kuma a wurare da yawa a can ne kaɗai ake samun malamin da ya iya Braille ko maganar hannu. Illarsu ita ce nisa, da raba ƙaramin yaro da gida. Makarantar unguwa tana barin yaro cikin 'yan uwansa da abokan wasansa, amma idan aji ya cika maƙil kuma babu malami mai horo, zai iya shafe shekaru yana zaune bai koyi komai ba.

Zaɓin ya danganta da irin lalurar. Yaron da shan inna ta taɓa wa ƙafa ba ya buƙatar komai sai hanyar shiga aji da ban-ɗakin da zai iya amfani da shi. Zabiya yana buƙatar kujerar gaba da rubutu mai girma da kariya daga rana. Kurma yana buƙatar harshe tun yana ƙarami, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da doka ta hana shi ne makaranta ta mayar da samuwar makarantar musamman dalilin korar yaro ba tare da yardar iyayensa ba.

Jarrabawa da manyan makarantu

Hukumomin WAEC da NECO suna tanadar takardun Braille da ƙarin lokaci ga masu buƙata, amma sai an bayyana lalurar ɗalibi tun lokacin rajista. Idan makaranta ta yi sakaci da wannan, gyara yakan yi wuya ranar jarrabawa. Hukumar JAMB kuwa ta kafa kwamiti na musamman a 2017 ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, wanda ke shirya wa makafi da wasu masu naƙasa jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyin da aka keɓe a wasu birane, ciki har da Kano.

Matakan da iyaye za su bi

Mataki na farko shi ne samun rahoton likita daga asibitin gwamnati, wanda ya bayyana lalurar yaron da abin da yake buƙata. Gwajin ji da na gani da wuri yakan bambance yaron da ake zaton ba shi da fahimta da wanda tabarau ko na'urar ƙara ji kawai yake buƙata.

Na biyu, a nemi gurbin karatu a rubuce, a riƙe kwafin takardar da aka buga wa hatimin karɓa. Idan an ƙi ɗaukar yaron, a nemi a rubuta dalili. Maganar baka ba ta zama hujja a gaban kowace hukuma.

Na uku, a bi matakan da ke cikin tsarin ilimi. A fara da shugaban makaranta da kwamitin al'umma mai kula da makarantar, sannan sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sannan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ko ma'aikatar ilimi idan sakandare ce ko makarantar kuɗi. Matsaloli da yawa a nan suke warwarewa, domin sau da dama abin da ake buƙata bai wuce a sauko da aji daga bene ko a sauya wa yaro wurin zama ba.

Na huɗu, idan hakan bai yi ba, a kai koke ga hukumar masu naƙasa ta jiha ko ta ƙasa, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a. Biyun ƙarshe suna da ofisoshi a jihohi, kuma ba a biyan kuɗi kafin a shigar da koke. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu naƙasa ta ƙasa, wato JONAPWD, da ƙungiyoyin makafi da na kurame sukan raka iyaye zuwa waɗannan wurare. Kotu ita ce mataki na ƙarshe, kuma wanda ba shi da halin ɗaukar lauya zai iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Nauyin da ke kan iyaye

Dokokin ba gwamnati kaɗai suka ɗora wa nauyi ba. Dokar 2004 ta wajabta wa uba ko mai riƙon yaro ya tabbatar ya shiga makaranta ya kuma kammala. Wanda aka samu da laifin ƙin yin haka, a karon farko za a ja masa kunne, a karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan kuma Naira 5,000 ko wata biyu. Sashe na 16 na dokar 2018 ya haramta amfani da mai naƙasa wajen bara ko yawo da shi a bainar jama'a domin neman sadaka, kuma hukuncinsa tarar Naira 100,000 ne ko ɗaurin wata shida ko duka biyun.

Akwai kuma yaran da ba a kai su bara ba, ba a kuma kai su makaranta ba, an ɓoye su a cikin gida saboda kunya ko gudun maganar mutane. Irin wannan yaro ba ya cikin rajistar kowace makaranta, don haka ba ya cikin ƙidayar da ake dogaro da ita wajen rabon malamai da kayan aiki. Duk takardar neman gurbi da aka shigar, ko da an ƙi amsa ta a karon farko, shaida ce da ke nuna wa hukuma cewa yaron yana nan, kuma doka ta san da zamansa.